Jinin Zomo a Langar Inna

Ranar da na sauka a tashar Rogo da kwali a hannu, kowa ya ɗauka tsaraba na kawo. Kwalin na sabulu ne, na huhhuda shi da biro don iska ta riƙa shiga, a cikinsa kuwa wani farin zomo ne mai jajayen idanu, ƙato, mai nauyi kamar jariri. Tun daga Kano a cinyata yake. A Karaye, inda muka canja mota, kwandasta ya so ya ɗaure shi a sama tare da buhunan taki, na daka masa tsawar da har direba ya leƙo ya ga ko lafiya. Ni dai haka Allah ya yi ni, zuciyata a kusa take, kuma a wancan zamanin ta fi kusa.

A tsakiyar shekarun casa'in ne, ina karatun digiri na biyu a jami'a, a fannin sinadaran jikin halitta. Aikina ya samo asali ne daga gyada, abin da na tashi na ga kowa a garinmu yana nomawa. Idan gyada ta sha danshi ta yi fumfuna, akwai wani dafi da take fitarwa wanda ke lalata hanta. A cikin kowace ƙwayar halitta ta hanta akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira mitokondiriya, su ne ke mayar da abincin da aka ci ya zama ƙarfin jiki. Idan suna lafiya siffarsu tsaf take, dogaye-dogaye. Idan dafin nan ya taɓa su sai su kumbura su daina aiki. Malamin da ke duba aikina yana zargin wani furotin, irin sinadarin da ke gina jiki, da ke jikin bangonsu, cewa shi ne ke riƙe da siffar, kuma shi dafin ke fara kaiwa hari. Aikina shi ne in gano ko haka ne.

Matsalar ita ce furotin ba ya ganuwa. Yana cikin dubban 'yan uwansa, duk kamarsu ɗaya a ido. Ana buƙatar wani abu da zai shiga cikin taron ya cafke shi shi kaɗai, ya nuna maka ga shi nan. Wannan abin shi ne antibodi, irin sojojin da jini ke ƙerawa idan baƙon abu ya shiga jiki. A ofishin malamina akwai wani ƙaton littafin talla na kamfanonin ƙasashen waje masu sayar da su a 'yan kwalabe. Mukan buɗe mu sha kallo mu rufe. Wanda nake nema ma babu shi a ciki. Sai dai mu yi namu, kuma zomo ne masana'antar.

Na kwashe fiye da shekara ina tace furotin ɗin daga hantar ɓeraye, wuta ta ɗauke aiki ya lalace, in sake daga farko. Ɗan abin da na samu a ƙarshe bai cika cokalin shayi ba. Shi na rarraba na riƙa yi wa zomaye biyu allura a baya, wata bayan wata, don jininsu ya koyi gane shi. Ɗaya ya mutu kafin a gama alluran. Ɗayan na yi masa allurar ƙarshe da ragowar furotin ɗin kaf, ran Laraba, ina lissafin nan da mako biyu jinin zai nuna in ɗiba. Ran Juma'a aka shiga yajin aiki, aka rufe jami'a, aka ce kowa ya bar harabar kafin magariba. Mai kula da ɗakin dabbobi ya tattara nasa ya nasa. Ban tsaya neman izinin kowa ba, na sa zomon a kwali, na zuba 'yan kwalaben gwaji da allurai a jaka, na nufi tasha. Duk wahalar da na sha tana yawo a jijiyoyin dabbar nan, in ta mutu kafin in ɗebi jinin, ba ni da komai.

Inna ce ta fara buɗe kwalin a tsakar gida. Ta tafa hannu ta ce, "Kai, masha Allahu! Wannan ai sai da yaji da tafarnuwa. Malam zai ji daɗi."

Na ce, "Inna, wallahi ko gashinsa aka taɓa sai na bar garin nan."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To sannu da zuwa, uwar zomo. Ki sha ruwa tukuna."

Babana malamin allo ne da littattafai, shi ke limancin masallacin unguwarmu, kuma a iya sanina bai taɓa sa an jira shi salla ba. Mutum ne mai tsantseni a kan tsarki har abin ya zama abin tsokana a gida. In kaza ta ratsa ta kan buzunsa sai an shanya shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Shi ne ya tsaya kai da fata na yi karatun boko har inda na kai, amma bai taɓa tambayata me nake karantawa ba. A wurinsa ina koyon aikin likita ne ta wata doguwar hanya.

Bayan la'asar ya shigo, na durƙusa na gaishe shi, muka gama tambayar hanya da mutanen Kano, sai idonsa ya kai kan zomon da na sa a tsohon akurkin kaji. Ya matsa ya duba. Wuraren da na yi allura sun yi kulli-kulli a bayansa, ɗaya ma ya ɗan fashe ya bushe. Baba ya miƙe ya ce wa Inna, "Miƙo mini wuƙa. Dabbar nan ba ta da lafiya, kada ta kwana ta zama mushe."

Haka ake yi a wurinmu, kuma babu wanda zai ce ba daidai ba ne. Akuya ko tunkiya ko zakara, da an ga alamar ba za ta tashi ba, sai a yi maza a sa mata wuƙa, jini ya tsiyaye a ƙasa a rufe shi da turɓaya, nama ya halatta. Barin dabba ta mutu da kanta asara ce da sakaci. Baba taimakona yake shirin yi.

Na tsaya tsakaninsa da akurkin. Na ce lafiyarsa ƙalau, ni na yi masa kullin da hannuna, kuma naman ma ba ya ciwuwa saboda maganin da ke cikin allurar. Ya ce to in ba a cin namansa, me ake yi da shi? Na ce jininsa nake so.

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Jini? Uwata, shekara biyu kina can, najasa kike nema?"

Da na yi haƙuri na bi shi a hankali, da ba a kai ga abin da aka kai ba. Amma gajiyar hanya da tsoro da baƙin cikin rufe makaranta suka taru suka hau kaina. Na ce, "Baba, wannan ba abin da za ka gane ba ne. Ku dai ku bar mini shi kawai."

Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kunya ta rufe ni. Mutumin da manyan mutane ke tahowa daga Falgore da Rogo Ruma su durƙusa a gabansa ya warware musu gado, shi na ce wa ba zai gane ba. Inna ta saki muciya ta dube ni. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To. A nisanta shi da randa da inda nake alwala. Kuma ranar da aka buɗe makaranta, ya bar mini gida." Ya juya ya koma zaure.

Kwana huɗu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na ba shi haƙuri ta bakin Inna, ya ce ya wuce, amma na san bai wuce ba.

Zomon kuwa ya samu gida. Na kafa doka: dusa da busasshiyar harawa kaɗai, da ruwa mai kyau, ban da ɗanyen ganye, domin cikinsa bai saba da shi ba. Inna ta ce wannan zalunci ne, damina ta sauka, duniya ta yi kore shar, a ce dabba tana kallo ana ba ta abincin rani. Ta riƙa yi masa hira in tana tankaɗe. Ita ce ma ta fara tambayata me ke cikin jinin. Na ce mata a cikin jikin mutum akwai 'yan ƙananan murahu da ba a iya ƙirgawa, su ke dafa abinci ya zama ƙarfi, ni kuma ina neman dutsen da ke riƙe da murhun. Ta ce, "Ashe duk bokon nan a kicin kika ƙare."

A rana ta bakwai da yin allurar ƙarshe na ɗebi ɗan jini kaɗan na gwaji. Na tafasa kwalba da ruwa a tukunya har ya yi ta ɓararraka, na bar ta ta bushe a rufe ba tare da na sa mata tsumma ba. Na naɗe zomon a zane, na aske gefen kunnensa, na soka allura a jijiya, jini ya riƙa ɗiga. Da na gama na toshe kwalbar, na jingina ta a karkace na ɗan lokaci, sannan na binne gindinta a cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwar rumbu, nesa da randa kamar yadda aka umarce ni. Duk wannan abin Baba yana zaune a ƙofar turakarsa yana yanke farce. Bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya, ko kuma haka na zata.

Da yamma na ciro kwalbar. Jinin ya dunƙule ya koma gefe guda, wani ruwa garai-garai mai launin man gyada ya taso a kansa. Ina ɗaga ta a hasken rana sai na ji muryarsa a bayana.

"Wanne ne naki a ciki, jan ko ruwan?"

Na ce ruwan. Ya ce me ke cikinsa? Wannan karon na nutsu. Na durƙusa na yi masa bayani tun daga gyada mai fumfuna har zuwa allurar ƙarshe. Ya riƙa tsayar da ni da tambaya irin tasu ta malamai, ba ya barin kalma ta wuce sai ya ji tushenta. Ya ce wato abin da ke cikin ruwan nan ya san furotin ɗin kamar yadda makiyayi ya san saniyarsa a cikin garken wani? Na ce haka ne, Baba. Ya ce to me ya hana ki kwashe jinin duka yau ki huta? Na ce bai gama nuna ba, sai ya ƙara mako guda. Ya ce in zomon ya mutu da kansa fa? Na ce jinin zai daskare a cikin jijiyoyi, ba zan sami komai ba, sai dai in koma farko, in ma an bar ni na koma.

Ya ɗan jima yana kallon kwalbar daga inda yake tsaye, hannayensa a baya. Ya ce, "Ikon Allah. Amma dai najasa ce." Ya wuce masallaci.

Saura kwana biyu jinin ya nuna na shirya zuwa Karaye. Alluran da na taho da su ƙanana ne, ina buƙatar manyan sirinji, kuma ina buƙatar wurin sanyi da zan ajiye ruwan jinin. Wata ƙawata da muka yi sakandare tare tana aiki a asibiti a can, ta ce suna da firji mai aiki da kananzir, za ta nema mini ɗan gurbi. Na fita da safe da niyyar dawowa kafin la'asar. Na jaddada wa Inna dokar harawa har sau uku, har ta ce in na ƙara faɗa za ta ba shi tuwo.

Na sami sirinji, na sami gurbi a firji. Ina shirin komawa tasha hadari ya haɗo daga gabas, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya har gari ya yi duhu. Direbobi suka ce rafin da ke hanya ya cika ya hau kan titi, babu mai tsallakawa sai ya janye. Na kwana a gidan wata goggona da ke garin. Washegari ma ba a fara lodi ba sai bayan azahar, kuma motar da na samu ta yi ta kafewa a laka muna sauka muna turawa. Ban shiga gida ba sai da aka idar da la'asar.

Akurkin na fara dubawa. A buɗe yake, babu komai a ciki sai ragowar ɗanyen ganyen gyada.

Inna na zaune a bakin murhu, idanunta sun yi ja. Tun kafin in buɗe baki ta fara rantsuwa. Ruwan jiya ya jiƙa harawar, ta ce, ta ga dabba da yunwa, ta tsinko masa ganye a bayan gida, ɗan kaɗan, ya cinye yana murna, ta ƙara masa da safe. Kafin hantsi cikinsa ya kumbura kamar ganga, ya kwanta a gefe yana numfashi sama-sama.

Na ce, "Ina yake?"

Ta ce, "Malam ya yanka shi."

Jakar hannuna ta faɗi. Ban yi ihu ba, abin ya wuce ihu. Na ga shekara biyu sun tsiyaye a ƙasa an rufe su da turɓaya, kamar yadda na ga an yi wa jinin kowace dabba tun ina yarinya. Na juya na nufi zaure, kuma Allah ne kaɗai ya san abin da ke bakina a lokacin. Na gode wa Allah da ban kai ga faɗa ba, domin a soro muka yi kiciɓis da Baba yana shigowa.

Ya ce, "Uwata, kin dawo? Zo ki duba ko na yi daidai."

Ya wuce gaba na bi shi har inuwar rumbu. A cikin jiƙaƙƙen yashin nan, daidai inda na binne kwalbata, akwai wata 'yar langa mai murfi, fara mai furanni shuɗɗa, an binne gindinta a karkace, an tokare ta da dutse. Na san langar. Daga cikin jeren Inna take, na kayan aurenta, waɗanda ake saukowa da su sau ɗaya a shekara a goge a mayar, ba a taɓa zuba ko ruwa a cikinsu ba.

Na durƙusa na ɗaga murfin. Jini ya dunƙule ya koma gefe. A kansa ruwa ya taso, mai yawa, ya fi abin da na taɓa fatan samu daga kunne. Ya ɗan yi ja-ja, bai kai na kwalbata haske ba, amma shi ne.

Baba ya tsaya daga nesa yana ba ni rahoto kamar ɗalibi a gaban malaminsa. Ya ce da ya ga cikin ya san irin kumburin da ke kashe awaki ne, ba zai kai la'asar ba. Ya jira ni har rana ta take tsaka, da ya ga idon dabbar ya fara juyawa ya ce wa Inna ta ɗora ruwa. Ya nemi kwalabena bai san inda na sa su ba, kuma bakinsu ma ya yi ƙanƙanta. Ya ce a kawo mazubin da bai taɓa ganin miya ko sabulu ba, Inna ta ce babu sai na jere, ya ce a sauko da shi. Ya tafasa langar da murfinta da wuƙar, ya bar su suka bushe ba a sa tsumma ba. Ya aske wuyan da reza don kada gashi ya faɗa. Ya yi bisimilla ya yanka, ya karkata kan yadda abin da ke cikin maƙogwaro ba zai gangaro ba, Inna ta tara langar.

Ya ce, "Na bar ta a karkace kamar tsawon karatun izu biyu kafin in sa a yashi. Haka na ga kin yi. Ko na gaggauta?"

Na girgiza kai kawai.

Inna ce ta ƙarasa mini sauran daga baya. Jinin ya fantsama a hannun rigarsa da gaban 'yar shararsa, ga shi an riga an kira azahar. Sai da ya yi wanka ya canja kaya tukuna ya fita. Ranar mutanen unguwa suka zauna a sahu suna jiran liman, har wani ya aiko a tambaya ko lafiya. Da aka tambaye shi a masallaci, cewa ya yi wani aikin 'yarsa ne ya riƙe shi.

Na tambaye shi naman fa. Ya ce ai na ce ba ya ciwuwa, ya haƙa rami a bayan gida ya binne. Sai kuma ya yi wata 'yar dariya da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. Ya ce, "Tun ina saurayi nake yanka, in zubar da jini in ci nama. Yau na binne nama na adana jini. Uwata, kin juya mini duniya."

A nan kukan ya zo. Na durƙusa a gabansa a cikin yashin na ce ya yafe mini maganar da na faɗa masa ranar da na zo. Ya ce, "Tashi ki kwashe abinki kafin ya lalace. Ni ban san iya lokacin da yake ɗauka ba."

Na zuƙe ruwan da sabon sirinji a hankali, na rarraba a kwalabe, na sa ɗan garin maganin da ke hana shi ruɓa. Da sassafe na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma na koma Karaye, ƙawata ta sa su a can ƙuryar firji. A nan suka zauna har aka janye yajin aiki, bayan an yi girbi an ɗaure dawa. Duk tsawon watannin nan ban san ko akwai wani abu a cikin ruwan ba. Zomon bai cika kwanakin da na so ba, ya yi ciwo kafin a yanka shi, kuma ba a taɓa jin an tari irin wannan jini a langa ba. Baba bai sake tayar da maganar ba. Inna kuwa kullum sai ta yi mitar langarta, ta ce jerenta ya yi giɓi kamar bakin tsohuwa.

Da muka koma jami'a na gaya wa malamina yadda aka yi. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce in gwada kawai, kada in rubuta langa a cikin kundin. Gwajin farko mai sauƙi ne. Ana zuba wani ruwa a kan gilashi ya daskare kamar kunun da ya kwana, a huda 'yan ramuka biyu kusa da juna. A ɗaya na ɗiga ruwan jinin zomo, a ɗayan na ɗiga abin da na tatso daga mitokondiriyar hanta. Kowanne zai riƙa tsiyaya yana nufar ɗan uwansa. In sojojin jinin sun gane furotin ɗin, inda suka haɗu za a ga layi. In ba su gane ba, gilashin zai zauna fayau.

Na rufe shi na tafi. Washegari na zo ban ga komai ba, na fita na zagaya ginin sau biyu ina jin haushin kowa. Rana ta biyu da safe na ɗaga gilashin a jikin taga. Tsakanin ramukan biyu akwai wani ɗan farin layi siriri, lanƙwasasshe, kamar zaren da ya faɗo daga bakin zane. Guda ɗaya, ba biyu ba. Na zauna a kan kujerar ɗakin gwajin na yi ta hamdala a bayyane, har mai shara ta leƙo.

Da ruwan langar nan na gama digirina. Da shi na ga furotin ɗin yana raguwa a hantar ɓerayen da suka ci dafin gyada, tun kafin mitokondiriyar su fara kumbura. Ba wani gagarumin bincike ba ne da ya girgiza duniya, ɗan bulo ɗaya ne a cikin gini. Amma ɗalibai biyu da suka zo bayana sun yi aiki da ragowar kwalaben, kuma malamina ya ce mu fara shirin furotin na biyu. Yanzu da nake da nawa ɗaliban, antibodi a 'yar kwalba yake zuwa mana cikin ƙanƙara, su buɗe su ɗiga ba tare da sun taɓa riƙe zomo ba. Ba na jin haushinsu, sai dai wani lokaci.

Hutun da ya biyo bayan gwajin farkon nan na tafi gida da hoton gilashin a cikin ambulan. A hanya na yi ta shirya yadda zan yi masa bayani. Bayan mun gaisa na miƙa masa da hannu biyu. Ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi, ya juya shi sama da ƙasa.

Ya ce, "Wannan ɗan zaren ne duka?"

Na ce shi ne, Baba.

Ya ce, "Ya gane saniyar ke nan."

Na ce ya gane ta.

Ya ce alhamdu lillahi, ya sa hoton a aljihun gaban rigarsa, ya miƙe ya ce in biyo shi. Na zata zaure za mu, ya nuna wa abokansa. Sai ya zagaya da ni bayan rumbu. A wurin da tsohon akurkin kaji yake, an kafa wani sabon keji na katako da waya, ɗaki biyu, an ɗaga shi daga ƙasa a kan ƙafafu huɗu, an yi masa rufin kwano mai gangara don kada ruwa ya shiga. A ƙarƙashin rufin an rataye damin busasshiyar harawa, a sama, inda ko feshi ba zai kai ba. A kan wani ɗan katako a gefe kuwa langar Inna ce a kife, da murfinta.

Ya ce, "Na ji a rediyo suna cewa wataƙila a sake rufe makarantun. In an rufe, kada ki tsaya neman kwali. Ki kawo zomayen da ke hannunki, ko guda biyu ne, ni zan riƙa ba su abinci da hannuna."

Daga tsakar gida Inna ta ɗaga murya ta ce ita dai a sayo mata wata langar.